Kai intanet ɓangaren Inna da shago: littafin aiki

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Zan riƙa rubuta abin da na gwada da abin da na kashe, don kada in maimaita kuskure sau biyu.

Gidanmu na Badariya, nan Birnin Kebbi, gidan gado ne. Ɓangarena yana can ƙurya ta gabas, kuma nan kaɗai sabis ke da ƙarfi, don tagar ɗakina tana kallon ƙarfen sabis. A nan na ajiye rauta mai layin 4G, da dare tana ba ni gudun intanet na megabit 30 zuwa 40. Ɓangaren Inna yana tsakiya, mita 35 daga ƙofata. Shagon ƙanena, inda yake POS da buga takardu, yana jikin zaure a bakin titi, mita 60 da ɗoriya. Tsakaninmu akwai bango huɗu, ɗaya tsohon ginin ƙasa ne mai kauri da aka shafe da siminti, ga kuma rumfar kwano. Waifai ɗina ko madafa ba ya kaiwa.

Jan waya ne ya fi dacewa, na sani. Amma kafin azumi aka yi wa tsakar gida sabon daɓe da kuɗin adashin Inna, kuma da na taɓo maganar sai ta ce: "Ba ni son a fasa mini daɓe, ba ni son waya tana reto bisa kaina kamar igiyar shanya." Daga nan ban ƙara ba.

Shi ya sa na yi odar adaftar da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida. Guda uku, biyu masu waifai a jiki. Daga Kano aka sako mini su a mota, yau suka iso. ₦112,000 har kuɗin mota.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Dabarar tana da ban sha'awa. Wutarmu 230 bolt ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Adafta sai ta ɗora wani siririn sigina a kan wayar, mai saurin miliyoyi a daƙiƙa, ɗayar adaftar ta tsince shi a wani soket. Tsarin sunansa HomePlug. Nau'insa mai suna AV ya fito a 2005, yana aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 30. AV2 na 2012 ya faɗaɗa har megahaz 86.

Na jona su duka a ɗakina tukuna, na danna maɓallin haɗi a kowacce cikin minti biyu, suka gane juna. A kwali an rubuta gudun megabit 600, amma ramin kebul ɗin da ke jikinsu na megabit 100 ne, don haka ko da komai ya yi daidai ba za a wuce 100 ba. Wannan bai dame ni ba, tunda abin da ke shigowa gidan bai kai rabin haka ba.

A falon Inna na samu megabit 22. Autarmu ta buɗe darasinta na makaranta a waya ba tare da ta fito tsakar gida cikin rana ba. Inna ta kira Yayarmu da ke Abuja ta bidiyo, suka yi rabin awa. A shago kuwa fitilar adaftar ja take, megabit 3. Na ce zan duba daga baya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya yanke sau uku a ɓangaren Inna. Shago babu komai tun jiya. Na liƙa takarda a bango, na roƙi Auta ta riƙa rubuta lokacin da ya ɗauke da lokacin da ya dawo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Takardar Auta ta yi amfani ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza: duk yankewar da ta rubuta, da na zauna na tuna, akwai abin da ya faru da wuta a daidai lokacin.

Na kira mai yi mana wayarin, muka bi gidan tun daga inda wuta ke shigowa. Abin da na ɗauka waya ɗaya ce mai zagaye gida, ashe gida uku ne a cikin gida ɗaya.

Da farko akwai inbata. Ba duka soket take ɗauka ba, fitilu ne da fankoki da soket ɗaya-ɗaya a kowane ɗaki. Adaftata tana kan layin inbata, ta Inna kuwa na sa ta a soket ɗin da ke kan wutar gari kai tsaye. In an ɗauke wuta, tata ta mutu. Wannan mai sauƙi ne, na mai da ta bayan talabijin inda inbata ke kaiwa. To amma da inbatar ta karɓi gida, gudun ya faɗo daga 22 zuwa 4, wani lokaci ma babu. Inbatarmu tsohuwa ce, irin wadda fanka ke gurnani a kanta, wutar da take fitarwa ba sumul take ba, kuma wannan dattin yana faɗawa daidai inda siginar adafta ke bi. Ga shi duk lokacin da aka canza daga wutar gari zuwa inbata, sai adaftocin sun sake neman juna, wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci sai an cire an mayar.

Sai maganar fes, wato layin wutar gari. Fes uku ke shigowa gidanmu, kuma duk wanda ya ga wuta ta yi ƙasa sai ya je ya juya zuwa wanda ya fi ƙarfi. Shago kuwa mitarsa daban, wayarsa ta sauko daga falwaya daban. Kenan siginar sai ta fita daga gida, ta hau falwaya, ta sauko ta mitar shago. Ranar da na ga megabit 3, sa'a aka yi gida da shago suna kan fes ɗaya. Da aka juya fes ranar Talata, hanyar ta toshe. In kuma babu wutar gari, gida yana kan inbata, shago yana kan ƙaramin janaretansa, babu wata waya da ta haɗa su ko ta ina.

Mai wayarin ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, wayar ɓangaren Inna tun zamanin marigayi take. Jone-jone ne a cikin silin, wasu da salatif kawai aka naɗe. Wuta za ta bi, amma abin nan naka ban sani ba." Na ba shi ₦5,000.

Na cire ta shago na mayar cikin kwali.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Daren jiya, da akwai wutar gari, na yi farautar abin da ke ɓata sigina. Na zauna a falon Inna da kwamfuta, Auta tana cire kaya ɗaya bayan ɗaya, ina kallon gudun.

Babban mai laifi bai fi kwalin ashana girma ba: wata cajar waya mara suna da aka saya ₦700. Da an jona ta, 22 ya koma 9. Da an cire, ya dawo. Sau huɗu na maimaita don in tabbatar. Bayanta sai ƙwayayen fitila biyu masu arha da ke baranda, sai firiza a lokacin da injinta ke tashi. Sumon rijiya kuwa, in aka kunna shi, sai dai a jira tanki ya cika.

Wani abin da na koya: kada a jona adafta a jikin sitabilaiza ko doguwar jona mai kariyar wuta. An yi su ne don su tace duk abin da ba wuta ba, kuma a wurinsu siginar intanet datti ce. Dole sai a soket ɗin bango kai tsaye. A garin da wuta ke hawa da sauka, wannan yana nufin adaftar tana zaune babu mai kare ta.

Na jefar da cajar, na canza ƙwayayen fitila, ₦6,400. Amma mai walda da ke bayan katangarmu fa? Da safe in ya fara aiki, fitilar adafta sai ta koma ja. Wannan ba ni da iko a kai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yaya ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Alhamdu lillahi.

Wani abokina ya ce in sayi manyan adaftoci masu lamba 2000. Na karanta yadda suke: ƙarin gudunsu yana zuwa ne daga amfani da wayar at, wato ta ukun da ke zuwa ƙasa, ban da laif da nutural. Mun buɗe soket biyu a ɗakin Inna, waya biyu ce kawai a ciki. Ba zan saya ba.

Zafi ya wuce 40 kwanakin nan. Adaftar bayan talabijin ba a iya riƙe ta da rana.

Talata, 22 ga Afrilu

Na ari na'urar ƙara nisan waifai, na sa ta a madafa. Irin wannan ta hanya guda take karɓar sigina take kuma mayarwa, don haka rabin gudun yake tafiya tun kafin a yi maganar bango. Megabit 5 a ƙofar Inna, a cikin ɗaki babu. Na mayar wa mai ita.

Na yi tunanin wayar dish, tunda akwai adaftar MoCA da ke bin irin wannan waya. Amma tana aiki ne tsakanin megahaz 1125 zuwa 1675, siginar dish kuma tana saukowa tsakanin 950 zuwa 2150. Za su yi karo, kuma ba zan raba Inna da tashoshinta na wa'azi ba. Ƙanena ya kawo maganar Starlink, wadda ta shigo Nijeriya tun farkon 2023. Na ce masa intanet yana shigowa gidan nan lafiya lau, matsalarmu tsakanin wannan ɗaki ce da wancan.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau suna. Gwiwoyin Inna ba su bar ta ta yi tafiyar Abuja ba, saboda haka tun mako guda aka shirya za a nuna mata komai ta bidiyo. Ta yi wanka da wuri, ta sa sabuwar atamfarta, maƙwabta uku suka shigo suka zauna a tabarma kusa da ita. Na ja kunnen kowa kada a kunna sumo. Na jingina wayar da fulas a kan ƙaramin tebur.

An yi addu'a, an raɗa suna, sunan marigayi Baba aka mayar. Yaya ta ɗauko yaron tana matso da shi kusa da waya, Inna ta miƙa hannu kamar za ta karɓe shi. A daidai nan aka ɗauke wuta. Inbata ta karɓa, fanka ta ci gaba da juyawa, amma hoton ya tsaya cak a kan gefen zanen goyo, fuskar yaron ba ta fito ba. Na cire adafta na mayar, na ruga ɗakina na cire waccan na mayar, na dawo. Minti shida. Kafin ya haɗu, an shiga hidimar baƙi a can, an kai jaririn ɗaki.

Inna ba ta ce mini komai ba. Ta gyara mayafinta, ta ce wa maƙwabta su ci goro. Daga baya na ɗauke ta a hankali zuwa ɗakina, aka sake kira, ta ga jikanta. Amma lokacin da ta yi wa kwalliya ya riga ya wuce, kuma abin ya tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Bayan sallar asuba na je gaishe ta. Ita ta fara: "Wagga waya da kake faɗi, ina za ta bi?"

Na riga na auna da daddare. Daɓen bai kai jikin katangar arewa ba, an bar kamar taƙi biyu na ƙasa saboda ruwan indararo. In aka bi nan, wuri ɗaya kawai za a yanka siminti, a ƙofar madafa, bai kai mita ɗaya ba. Na nuna mata da ƙafa. Ta ce: "In za ka mai da shi yadda ka iske shi, yi. Allah shi yi albarka."

Tsarin: kebul biyu daga ɗakina cikin bututu ɗaya. Ɗaya mita 48 ya tsaya a falon Inna. Ɗayan ya wuce, ya hau katanga, ya bi ta saman zaure zuwa shago, jimla mita 82. Iyakar irin wannan kebul mita 100 ce, muna ciki. Na'urar waifai ta ɗakin Inna za ta sha wuta ta cikin kebul ɗin da kansa, abin da ake kira PoE, don haka ba ruwanta da soket ɗin ɓangarenta.

Asabar, 3 ga Mayu

Sayayya. Kebul Cat6 mita 130 a ₦250, ₦32,500. Bututun roba mai faɗin milimita 25, guda 17, ₦24,000. Suwic mai PoE, wato akwatin da ke rarraba intanet zuwa kebul-kebul, ₦38,000. Na'urar waifai ta bango ₦46,000. Filayar matse kai, testa da kawunan kebul na RJ45, ₦14,500.

Lahadi, 4 ga Mayu

Allah ya taimake ni na gwada kafin in binne.

Na shimfiɗa kebul ɗin a tsakar gida. Tun wajen matse kai na ga alama: silin wayar yana karyewa da an lanƙwasa shi sau biyu. Kawuna biyar na ɓata. Da na jona na'urar waifai a kan mai mita 82 don gwaji, sai ta kunna, ta yi minti biyu, ta mutu, ta sake kunnawa. Na kankare sili ɗaya da reza. Jan ƙarfen fenti ne kawai a sama, cikinsa fari fat. Na kara masa ashana, ya lanƙwashe ya zube kamar zare. Alminiyom ne aka yi wa riga. Jan ƙarfe na gaske zai yi ja a wuta, amma yana nan a tsaye. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, shi ya sa ƙarfin ke ƙarewa a hanya kafin ya kai.

Na koma wurin wanda ya sayar mini. Ya ce an riga an yanka, ba ya karɓa, kuma ai kowa shi yake saye. Araha ba ta ado. Kuɗin sun tafi.

Asabar, 10 ga Mayu

Sabon kebul ya iso, jan ƙarfe zalla, mai baƙar riga ta waje. ₦650 kowace mita, ₦84,500. Na kankare shi a tasha kafin in sallami direba. Ko a hannu ya fi wancan nauyi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tono. Yara biyu, daga bakwai na safe zuwa azahar, ₦12,000 da abinci. Zurfin ya kai kamu ɗaya. A wuri ɗaya muka ci karo da wayar wutar sumo, na sa aka gitta ta, ba a bi gefenta ba. A inda bututun ke shan kwana ban sa gwiwa mai kaifi ba, mun gasa bututun muka lanƙwasa shi a hankali. Kebul na jabu ya yi rana a nan: sili ɗaya na doguwarsa muka bari a cikin bututun a matsayin igiyar ja, ko wata rana za a buƙaci ƙara wani abu.

Jerin launi na B na bi a kowane kai: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Testa ta nuna takwas cif a na Inna. A na shago lamba 7 ba ta kama ba, na yanke na sake.

Megabit 36 a falon Inna, daidai da ɗakina. Na sa Auta ta kunna sumo, 36. Na kashe wutar gari da hannuna inbata ta karɓa, bidiyon da ke kan waya ko gezau bai yi ba.

Talata, 13 ga Mayu

Magini ya mai da simintin ƙofar madafa, ₦4,000. Inna ta zo ta taka wurin, ta ce ya yi.

Asabar, 17 ga Mayu

Mako guda takardar Auta babu ko layi ɗaya. Ƙanena ya daina sayen data daban don shago.

Juma'a, 23 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da iska da tsawa. Wata tsawar ta faɗi kusa, har tagogi suka amsa. Da safe ɓangaren Inna lafiya, shago shiru. Ramin suwic ɗin da kebul ɗin shago ke ciki ya mutu, ƙaramar rautar shago kuma tana warin ƙuna.

Laifina ne, kuma na san da maganar tun farko, na yi fatan ba za ta faru ba. Ba sai aradu ta faɗa kan waya ba. In ta sauka kusa, doguwar wayar ƙarfe da ke sama a fili tana ɗaukar wani ɓangare na ƙarfin ta kai shi duk inda bakinta yake. Ga mita 34 a kan katanga da kwanon zaure, ga gini biyu masu mita daban-daban da jan ƙarfe ya haɗa. Na gode Allah da abin ya tsaya a kan na'ura, ba kowa a shagon a lokacin.

Na zare kebul ɗin shago daga suwic. Damina yanzu ta fara, ba zan mayar da ƙarfe a wannan hanyar ba. Faiba zan sa: zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki, wuta ba ta da abin kamawa.

Asabar, 31 ga Mayu

Faiba mita 100 da aka riga aka sa wa kawuna, ₦21,000. Akwatunan da ke juya sigina daga kebul zuwa haske, guda biyu, ₦33,000. Wata rautar shago, ta hannu, ₦15,000.

Mun fara zare kebul ɗin shago daga bututu don a samu wuri, sannan muka ɗaura kan faibar a igiyar da na bari, muka naɗe shi da leda da salatif. Ƙanena yana ja daga can, ni ina turawa daga nan. A kwanar madafa ya maƙale, ya ce: "Yaya, in fizga?" Na ce kada ya kuskura. Muka ja baya kaɗan, muka shafa ruwan sabulu, ya wuce. Faiba ba ta son a karya ta kwana, ragowar mita 18 ɗin na naɗe ta da faɗi kamar faifai na rataye a bayan kanta. Fitilu shida suka kama kore a kowane akwati. Megabit 35 a shago.

Talata, 3 ga Yuni

Lissafi zuwa yau: ₦447,900. A ciki, adaftoci da kebul na jabu kaɗai sun ci ₦144,500. Biyu daga adaftocin na ba wani abokin aikina da ke sabon gida a Gesse, mai mita ɗaya da wayarin na zamani, tsakanin falonsa da ɗakin sama yana samun fiye da 60. Zai biya ni ₦50,000 ƙarshen wata.

An sake ruwa da tsawa shekaranjiya, babu abin da ya taɓu.

Abin da ya rage: ƙaramin batir na rauta da suwic, don inbata kan mutu wajen ƙarfe uku na dare in an kwana babu wuta. Sai a kira mai wayarin ya buga sandar at a ɓangarena, ya kuma duba jone-jonen silin ɗin Inna, wannan ko ba don intanet ba ya kamata a yi shi. Duka sai bayan Sallah. Yaya ta ce ranar Juma'a bayan an sauko daga Idi za ta kira, Inna ta riga ta ce a kawo mata teburin nan kusa da taga inda haske ya fi.